Sharhi: Fitilar halojin da asarar da take jawo wa 'yan kasuwar Keffi

Sanin kowa ne cewa da magariba ta yi, gidajen mai da otel-otel da shagunan da ke bakin hanyar Keffi zuwa Abuja sukan kunna manyan fitilu domin tsaro da jawo masu saye. Har yanzu akwai masu amfani da fitilar halojin, wadda ba ta da tsada wajen saye, amma tana da tsada wajen riƙo.

Dalili kuwa shi ne, ƙwan halojin yana ba da haske ne ta hanyar gasa wani siririn zaren ƙarfe, don haka kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take komawa. Masana'antu sun yi ƙoƙarin gyara, inda suka shafa wa gilashin wani sinadari mai mayar da zafin kan zaren, abin da ya rage shan wuta da kimanin kashi 30 cikin 100. To, amma gyaran bai wadatar ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da yawancin ƙwayayen halojin kasuwa a 2018, Birtaniya ta bi sahu a 2021.

Lissafin a fili yake. Fitila mai wat 500 da ke ci awa 10 kowane dare tana shan yunit 150 a wata. A farashin Naira 225 kowane yunit, wanda Hukumar NERC ta ƙayyade wa 'yan rukunin Band A a watan Afrilun 2024, kuɗin ya kai Naira 33,750. Fitilar LED mai wat 50 tana ba da haske kusan daidai da wannan a kan Naira 3,375. Ga mai dogaro da janareta kuwa, asarar ta fi haka tun da aka janye tallafin man fetur a 2023.

Abin da ke sa 'yan kasuwa ɗari-ɗari shi ne kuɗin sayen sabuwar fitila da kuma tsoron jabu mai mutuwa cikin 'yan makonni. A nan ne ya kamata Hukumar SON ta tsaurara bincike kan ƙwayayen da ake shigowa da su, ƙungiyoyin 'yan kasuwar Keffi kuma su riƙa sayo masu inganci a sari, suna bai wa mambobinsu su biya kaɗan-kaɗan. Wanda bai samu halin canji ba tukuna, ya rage girman ƙwan, ya kuma kashe shi da gari ya waye.

Araha dai ba ta ado. Duk nairar da ta tafi wajen ɗumama iska, daga ribar mai shago aka cire ta.