Zinarin Zamfara: Daga ramin haƙa zuwa jan layin gwajin maleriya

Duk wanda aka taɓa yi wa gwajin zazzaɓin cizon sauro a kemis a Sabon Garin Gusau, ko a asibiti a Tsafe ko Bungudu, ya san jan layin nan da ke fitowa a jikin 'yar robar gwaji. A yawancin kayan gwajin, layin nan zinari ne, wanda aka ƙanƙanta ƙwayoyinsa har suka koma ja. Da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Silin gashi ɗaya yana da kaurin nanomita kusan 80,000.

Zamfara na da zinari, amma ɗanyensa take sayarwa, kuma ta ji jiki a kansa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019, ta ɗage haramcin a Disamban 2024.

Wasu tsoffin hanyoyin haɗa waɗannan ƙwayoyi na buƙatar sinadarai masu guba da dafawa na tsawon lokaci. A sabuwar hanyar, ana zuba ruwan ganye, kamar na darbejiya ko zogale, a ruwan gishirin zinari, a saka a na'urar maikurowef. Sinadaran ganyen ne ke mayar da gishirin ƙwayoyin zinari, na'urar kuma tana zafafa ruwan daga ciki, shi ya sa aikin sa'o'i kan ƙare cikin mintuna. An rage guba, an rage cin wuta.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Kafin zinari ya zama gishiri sai an tace shi, an narkar da shi da asid mai ƙarfi. Ƙarfin ganye na sauyawa daga damina zuwa rani, girman ƙwayoyin ma haka, alhali kayan gwaji na buƙatar girma iri ɗaya. Maikurowef na kicin ba ya riƙe zafi daidai, na ɗakin bincike kuma yana da tsada, ga matsalar lantarki.

Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda su ne wuraren da ya dace a fara. Muddin ba a ba su kayan aiki da tsayayyar wuta ba, Zamfara za ta ci gaba da fitar da zinari a ɗanye, tana sayen sa a robar gwaji.