Farin tabo a fuskar ɗan lakwal ba kuturta ba ne

Har yanzu akwai azuzuwan da ake ware wa yaro benci shi kaɗai don kawai farin tabo ya fito masa a gefen ido ko a yatsu. Ƴan'uwansa su ƙi cin fanke da shi, a gida kuma a ce ai kifi ya ci ya sha nono, ko kuwa sammu ne. A ganina mushen da ya ga haka ya yi shiru ya fi yaran laifi.

Sau da yawa wannan tabo ciwon da likitoci ke kira bitiligo ne. Garkuwar jiki ce, wadda aikinta yaƙar cuta, take juyowa ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa, ko kwano ɗaya, ko tabarma ɗaya. Kusan rabin masu shi yana fara musu ne kafin shekara 20, wato daidai lokacin da suke hannunmu. Bambancinsa da kuturta kuwa, tabon kuturta jin taɓi yana raguwa a kansa, na bitiligo yana ji sarai. Mai shakka ya kai yaro likita. A ƙasar Maraɗi ga asibitin Danja da ya daɗe da sanin kuturta.

Gado yana da hannu, amma yakan jira abin da zai tayar da shi. Ƙunar rana, yanka, gogar takalmi ko ɗamara, duk suna iya haifar da sabon tabo daidai inda fata ta ji ciwo. Don haka masu tsaga wurin ko shafa masa abu mai zafi don launi ya dawo, ƙara masa fili suke yi. Tashin hankali ma yana cikin abubuwan da ke tayar da shi, to ina ga yaron da ake yi wa dariya tun daga ƙofar lakwal?

Iyaye mata, ga naku. A 2013 kamfanin Kanebo na Japan ya janye man hasken fatarsa daga kasuwa bayan dubban mutane sun wayi gari da fararen tabo. Kamfanin da ke da suna ke nan, balle kwalbar bilicin da ba ta da ko takarda, wadda ƴanmatanmu ke saya a kasuwa suna ɓoyewa a jakar littattafai.

Akwai kuma alaƙa tsakanin bitiligo da ciwon ƙululun nan na wuya da ke fitar da sinadarin daidaita ƙarfin jiki. Yarinya mai tabo da ta fara yawan kasala, ko rama, ko bugun zuciya, a roƙi likita ya auna jininta kafin a rubuta mata "raguwa" a takardar sakamako.