RA'AYI: IDAN ƁERA DA SATA, DADDAWA MA DA WARI

A cikin watan Agusta na 2002 aka shigar da wata ƙara a birnin New York na ƙasar Amurka wadda ta ba mutane da yawa dariya, amma daga baya ta sa hukumomi tunani. Iyayen waɗansu 'yan mata biyu, ɗaya mai shekara 14 ɗaya mai 19, su ne suka kai kamfanin McDonald's gaban shari'a, watau kamfanin nan mai gidajen sayar da abinci a ƙasashe sama da ɗari. Kukansu shi ne, 'ya'yansu sun yi shekaru suna cin hambaga da soyayyen dankali da soyayyar kaza a gidajen kamfanin, har suka yi mummunar ƙiba wadda ta jawo musu rashin lafiya. Babbar a cikinsu nauyinta ya haura kilo 120. Saboda haka suka nemi a biya su diyya.

A watan Janairu na 2003 alƙali Robert Sweet ya kori ƙarar. Hujjarsa ita ce, kowa ya san yawan cin irin wannan abinci yana sa ƙiba, ba wanda ya tilasta wa kowa shiga gidan, kuma ba aikin shari'a ba ne ta kare mutum daga wuce gona da irin da ya yi da saninsa. Amma alƙalin bai rufe ƙofa ruf ba. Ya nuna cewa in da za a tabbatar an sarrafa abincin ta hanyar da ta sa ya fi lahani fiye da yadda mai saye zai yi zato, to, da magana ta sake. A 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ɓangaren ƙarar da ya shafi tallar yaudara, aka yi ta jan shari'a har ta mutu a 2011.

Ƙarar ta tayar da ƙura ƙwarai. A 2004, da kuma 2005, Majalisar Wakilan Amurka ta amince da shirin dokar da za ta hana kai gidajen abinci ƙara saboda ƙiba. Majalisar Dattawa ba ta bi sahu ba, amma jihohi sama da 20 sun yi irin wannan doka tasu. A 2004 ɗin kuma wani mai shirya fim, Morgan Spurlock, ya fitar da fim ɗin da ya nuna yadda ya yi kwana 30 ba ya cin komai sai abincin McDonald's, ya ƙara kimanin kilo 11. A shekarar ce kamfanin ya janye kason nan nasa mafi girma na dankali da lemo, ko da yake ya ce ba fim ɗin ne dalili ba.

Mai karatu da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun yana iya cewa wannan rigimar waɗanda suka ƙoshi ce, ina ruwan mai neman na tuwo da ita? Akwai ruwansa kuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da ƙibar da ta zama cuta, kuma yawan manya masu ita ya ninka fiye da sau biyu tun daga 1990. A Nijeriya, binciken lafiyar jama'a na 2018 ya nuna kashi 28 cikin ɗari na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙa'ida, kuma abin ya fi yawa a birane. Gidajen abinci irin na Amurka sun daɗe da zuwa: Mr Bigg's ya buɗe a Ikko a 1986, KFC ya biyo baya a 2009.

Sai dai ɗan Arewa mazaunin Kudu ba a irin waɗannan gidaje ya fi cin abinci ba. Gidan abincinsa shi ne teburin mai shayi, da bukkar mama-put, da tukubar mai tsire. Da yawa sun baro iyali a gida, suna kwana su biyar su shida a ɗaki ɗaya, ko a shago, ko a cikin mota, babu murhu balle tukunya. Wanda a garinsu yake karyawa da koko ko ɗumame, ya yini a gona, ya sha fura da rana, ya ci tuwo da miyar kuka da dare, yanzu ya koma burodin Agege da shayi mai madara da safe, shinkafa da mai da lemon kwalba da rana, Indomie biyu da ƙwai uku da tsakar dare. In kuma sana'arsa ta zama ce, kamar canji ko gadi ko tsaron shago, ko direban tirela ne mai kwanaki a layin Apapa, to, abin da ya ci ba shi da inda zai tafi sai tumbi.

To, laifin wa? Hanyar da alƙali Sweet ya bi tana da amfani, domin ta raba abin gida biyu: abin da ido ke gani, da abin da aka ɓoye.

Abin da ido ke gani na mai ci ne. Ba mai shayin da ya taɓa ɗaure mutum ya ɗura masa sukari. Mai saye ne yake cewa a ƙara cokali, shi ne yake cewa a ƙara mai, shi ne yake miƙa hannu ya ɗauki kwalba ta biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babban mutum ke sha a yini ya wuce kimanin giram 50, watau wajen ƙaramin cokali 12. Kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita, irin mai cikakken zaƙi, ta kusa cinye wannan kaso duka. Wanda ya sha biyu, ga shayin safe da na dare, ya ninka ƙa'ida ba tare da ya tauna komai ba. Gishiri kuwa, shawarar ita ce kada ya kai giram 5 a yini, ƙaramin cokali ɗaya ke nan, haɗe da wanda ke cikin burodi da miya da yajin tsire.

Akwai kuma wata tsohuwar fahimta da ta kamata a binne ta. Mutum ya je Kudu siriri ya dawo da tumbi, sai a ce kuɗi sun zauna, Ikko ta karɓe shi. Har waɗansu mata suna sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe don su yi jiki, alhali kuwa waɗansu daga cikin ƙwayoyin nan suna ta da sukarin jini, suna jawo hawan jini. Ƙiba mai yawa ƙofa ce ga ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon gwiwa. Hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana iya shekaru da shi bai ji ko ciwon kai ba, kuma ba ya ƙyale siriri, musamman mai cin gishiri da yawa. Ran da ya kayar da magidanci a kasuwar Mile 12, 'yan'uwa ne za su yi karo-karo a sa shi a mota zuwa gida, kuɗin da yake aikawa duk wata su tsaya, wanda yake ciyar da gida ya koma ana ciyar da shi. Ba wata kotu da za ta mayar masa da hannunsa da ƙafarsa.

Amma fa wanda ya tsaya a nan ya faɗi rabin gaskiya ne. Abin da aka ɓoye na mai sayarwa ne, domin mutum ba ya zaɓen abin da bai sani ba. McDonald's ɗin da ya tsira daga ƙarar ƙiba, a 2002 ya nemi gafara ya kuma amince ya biya dala miliyan 10, saboda ya bar mabiya addinin Hindu da sauran marasa cin nama suna zaton babu nama a soyayyen dankalinsa, alhali ana sa masa ɗanɗanon naman shanu. Wannan ba wanda zai ce laifin mai ci ne. A Nijeriya ma, a zamanin da marigayiya Dora Akunyili take shugabancin hukumar NAFDAC, daga 2001 zuwa 2008, an yi yaƙi da masu gidan burodi da ke zuba sinadarin buromet don burodi ya kumbura, sinadarin da ake tuhuma da jawo ciwon daji. Mai sayen burodi ba shi da idon da zai ga wannan.

Haka abin yake a ƙananan wurare. Mai saye ba ya ganin ko sau nawa aka soya abu a man da ke cikin kasko, har ya yi baƙi ana ƙara sabo a kan tsoho. Ba ya ganin ko dunƙule nawa aka marmasa a tukunyar miya, ga shi kuwa kusan rabin dunƙulen gishiri ne. Ba ya ganin abin da aka zuba a zoɓo da kunun aya. Mai abinci ya san zaƙi da maiƙo da gishiri su ke dawo da mai saye gobe, kuma sun fi nama da ganye araha. Manyan kamfanoni sun fi kowa sanin haka, shi ya sa suke kashe maƙudan kuɗi wajen talla, suna rage farashin babbar kwalba don a bar ƙarama, suna kuma jan yara da kyaututtuka. Yaro ɗan shekara goma ba a ɗora masa alhakin zaɓi kamar babba.

A nan maganar ta dawo gida, domin a garuruwan Kudu, daga Ikko har Fatakwal, masu shayi da masu tsire mafi yawansu 'yan Arewa ne. Watau mai karanta wannan shafi sau da yawa shi ne ɓeran, shi ne kuma daddawar. Sana'ar abinci amana ce. Mai shayin da ya tambayi mai saye cokali nawa kafin ya zuba, bai yi asara ba, sukari ma ya yi masa saura. Wanda ya rage rabin ƙullin ɗanɗanon Indomie ya ƙara albasa da tumatir da attarugu, ya zubar da man da ya ƙone, ya ajiye ruwa mai sanyi kusa da lemo, ya tsare lafiyar mutanen da yake ci daga aljihunsu. Mai saye da ya kwanta asibiti ba ya zuwa teburi.

Saura kaso na uku, na hukuma. Abin lura a Amurka da sauran ƙasashe shi ne, abin da kotu ta kasa yi, doka ta yi wani abu daga ciki. A 2006 birnin New York ya yanke shawarar hana gidajen abinci amfani da wani irin daskararren mai da ke toshe hanyoyin jini, a 2008 kuma ya tilasta wa manyan gidajen abinci rubuta yawan kalori kusa da farashi. A 2018 wannan ƙa'ida ta rubutawa ta game Amurka duka ga kamfanoni masu rassa 20 zuwa sama. Ƙasar Meziko ta ɗora haraji a kan lemo mai sukari a 2014. Ingila ta fara nata a 2018, wanda ke ƙaruwa gwargwadon yawan sukari, sai kamfanoni da dama suka rage sukarin da kansu don gudun biya. Nijeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita a Dokar Kuɗi ta 2021. Naira 10 ba ta isa ta hana kowa shan lemo ba. Ya kamata a ɗaura harajin da yawan sukari kamar yadda Ingila ta yi, a kuma kashe abin da aka tara a asibitocin unguwanni wajen awon jini da sukari. Ma'aikatan duba-gari na ƙananan hukumomi kuma su leƙa kasko da tukunya, kada aikinsu ya tsaya ga karɓar kuɗin rasit.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da kowa zai iya yau. Mutum ya sami igiya ya auna tsawonsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa daidai cibiya. In ba ta haɗu ba, tumbin ya wuce ƙa'ida, domin likitoci sun ce kada zagayen ciki ya kai rabin tsawo. Ya je a auna jininsa ko da sau ɗaya a shekara, musamman in ya haura 40 ko akwai ciwon a danginsu. Ya mayar da lemo abin marmari, ruwa ya zama abin sha. Ya nemi wake da alale da ganye da ayaba da lemon zaƙi, ga su nan a kowace kasuwar Kudu. Mai sana'ar zama ya yi tafiyar ƙasa mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako. Abokan ɗaki biyar kuwa, in suka haɗa kuɗi suka sayi risho da tukunya, za su ci abin da suka ga yadda aka dafa shi.

Ya kamata kuma a yi adalci ga masu jiki. Wani gado ne, wani magani ne ya jawo masa, wata haihuwa ce ta bar mata. Gori da dariya ba su taɓa rage wa kowa kilo ɗaya ba, sai dai su hana shi zuwa asibiti don kunya.

Sarakunan Hausawa na zango-zango, da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa, da na direbobi, da na masu shayi da mahauta, suna da rawar takawa. Yadda suke tara jama'a in an yi gobara ko rikici, haka za su iya gayyato ma'aikacin lafiya ranar taro ya auna jinin kowa. Kuɗin na'urar awon bai kai na motar da za ta kai mutum ɗaya gida a kwance ba.

Mai abinci ya faɗi gaskiyar abin da ke cikin tukunyarsa, hukuma ta tabbatar ya faɗa, mai ci kuma ya tuna akwai masu jiran aikensa a gida. Allah ya ƙara wa kowa lafiya, amin.