Ƙaryar Fagen Yaƙi da Amanar Ɗan Jarida

Hausawa kan ce gani ya kori ji. Sai dai yaƙin da ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a watan Fabrairun 2022 ya nuna cewa a zamanin intanet, ido ma yana yauduruwa.

A ranar 16 ga Maris, 2022, wani bidiyo ya bazu wanda ya nuna Shugaba Zelensky na Yukiren yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Da kwamfuta aka harhaɗa fuskar da muryar. Nan take 'yan jarida suka yi masa ca, Facebook da YouTube suka sauke shi, asirinsa ya tonu a yini guda.

Ƙaryar da ta yi dogon zango ita ce ta "Fatalwar Kiyef", wato matuƙin jirgin Yukiren da aka ce ya kakkaɓo jiragen Rasha shida a ranar farko ta yaƙin. Wani bidiyon da aka yaɗa a matsayin hujja, daga wasan kwamfuta aka tsakuro shi. Duk da haka wasu jaridun Turai suka ɗauki labarin, har suka jingina shi ga wani matuƙi da ya rasa ransa. Sai a ƙarshen Afrilu rundunar sojin saman Yukiren ta amsa cewa almara ce.

Bambancin a fili yake: ƙarya ta farko ta saɓa wa ran masu rahoto, sai suka bincike ta, ta biyu kuwa ta yi musu daɗi, sai suka yi mata sassauci. A nan ake auna amanar ɗan jarida. Labarin da ya dace da son zuciyarsa shi ya fi cancantar tankaɗe da rairaya: wa ya ɗauki hoton, a ina, yaushe, kuma wa zai amfana idan aka gaskata?

Wasu kan ce irin wannan almara tana ƙarfafa gwiwar waɗanda aka mamaye. To, wannan aikin farfagandar soja ne. Jaridar da ta ari bakinta, ranar da ta kawo rahoton kisan fararen hula na haƙiƙa, mai laifi zai ce ai ta saba ƙarya, kuma za a sami masu yarda da shi.

Haƙƙi ya rataya a wuyan malami kuma. Ɗaliban da zai koyar, da yawansu a waya suke samun labari, kuma da danna yatsa ɗaya suke tura shi gaba. Wajibi ne ya cusa musu ɗabi'ar tambaya kafin turawa, domin magana zarar bunu ce.