Uban da bai san abin da ke ba ɗansa dariya ba

Babu maganar da ta fi yawa a bakin magidanta, a rumfunan kasuwa ko a ofisoshin gwamnati, kamar kukan lalacewar yaran zamani. Ana cewa ba su jin magana, ba su son aike, sun raba ranarsu tsakanin fada da gaban talabijin. Kukan nan ba ya rasa gaskiya, amma kafin a yanke hukunci ya kamata a bi yaro ɗan shekara 15 daga safe zuwa dare, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, a ga inda ake sauraronsa da inda ake ba shi umurni kawai.

Tun da asuba aike ke tashe shi: sayo koko, kai tuwo gidan kaka, raka ƙane lakwal. A kolej yana zaune cikin aji mai cunkoso, inda malam bai san sunan kowa ba. In ya dawo, uba ɗan kasuwa yana son ya tsare shago, uba ma'aikaci yana son ya ci jarrabawar BEPC, ƙanne sun yaga masa littafi, yaya ya ɗauke masa riga. Duk wanda ya girme shi yana da ikon aikensa, kuma da wuya wani ya tambaye shi ra'ayinsa. Ƴar'uwarsa kuwa nata ya fi nauyi: shara, wanke-wanke, raino, wani lokaci talla, ga zancen aure da ke jiranta a ƙasar da wajen kashi uku cikin huɗu na ƴan mata ke yin aure kafin su cika shekara 18.

Da yamma sai ya nufi fada. Tabarma ce ko benci a bakin titi, da butar shayi bisa gawayi, da karta, da gardamar Real Madrid da Barcelona. A nan ne kaɗai yake magana har ya kai aya. A nan ake tara dala-dala in aboki ya kwanta asibiti, a nan ake koyon shugabanci, domin fada mai tsari tana da suna da shugaba da ma'aji.

Masu zagin fada su tuna inda ta samo asali. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, samariya ce ke haɗa matasa a aikin gayya da wasannin gargajiya, ko da yake hannun gwamnati na cikinta dumu-dumu. Bayan babban taron ƙasa na 1991 samariya ta watse, ba a kuma kafa abin da zai maye gurbinta ba. Sai ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, ga bashin albashi, ga yajin aikin malamai da na ɗalibai da ya sa shekarun karatu suka tashi a banza. Yaran da aka rufe wa aji, aka rufe wa aiki, su ne suka shimfiɗa tabarmar farko. Ƴan siyasa ba su tuna da su ba sai lokacin zaɓe, da kuɗin shayi da sukari a hannu.

Saura talabijin, wanda iyaye ke ɗauka ɓata lokaci. Ya kamata uba ya zauna dare ɗaya ya kalli abin da ke sa ɗansa ƙyaƙyatawa. Tun wasannin Yazi Dogo a Télé Sahel, da Samanja daga Kaduna, har zuwa marigayi Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014 amma ake ci gaba da kallonsa a wayoyi, abin dariyar bai sake ba: alhaji marowaci, mai gida mai fuska biyu, ma'aikacin da ba ya sa hannu a takarda sai an shafa masa. Shirin Ma Famille na ƙasar Kodibuwa ya karɓu ne don rikicin cikin gida da ya nuna. Mamane, ɗan ƙasar nan, ya yi suna a RFI da ƙasarsa ta almara, Gondwana, inda shugaba ke ɗaukar ƙasa kamar gonar gado. Wato yaro yana dariyar manya ne, yana kuma auna abin da suke faɗi da abin da suke aikatawa. Wanda ya ji zafin wannan madubi, ya binciki kansa kafin ya kashe akwatin.

Wannan ba ya nufin a saki linzami. Akwai fadar da ake shan ƙwaya a cikinta, akwai gungun ƴan palais da suka addabi wasu unguwannin Damagaram, akwai kuma abin da waya ke kawowa wanda bai dace da idon yaro ba. Sai dai hani da tsawa ba su taɓa raba yaro da abokansa ba, sun dai koya masa ɓoyewa. Uban da ya san abokan ɗansa da sunayensu, ya san gidajensu, shi ne ke fara ganin hayaƙi kafin wuta ta tashi.

Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Saboda haka maganar ta wuce ta cikin gida. Hukumomin gari su farfaɗo da gidajen matasa da al'adu, su buɗe ɗakunan karatu da filayen ƙwallo, har da wuraren da ƴan mata za su iya zuwa cikin mutunci. Manyan ƴan kasuwa su sa kuɗinsu a wasannin kwaikwayo na gida, cikin Hausa da Zabarmanci, kamar yadda suke sawa a tallar shinkafa. Magidanci kuma ya rage aike ɗaya a yini, ya musanya shi da tambaya ɗaya, ya jira amsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma mai gaggawa karya shi yake yi. Allah ya shiryi zuri'a, ya ba iyaye kunnen sauraro.