Kafin ka miƙa kuɗin Golf ɗin nan, ka hau ta tukuna

Idan kana cikin samarin da ke tara kuɗin sayen motar haya a Ƙaura Namoda, ko Shinkafi, ko Zurmi, da kai muke wannan maganar. Wataƙila babur ɗinka ka sayar, ko Baba ne ya kai bijimi kasuwa ya cika maka, ko wani Alhaji ya ce zai saya ka riƙa kawo balas. Ko ta ina kuɗin suka fito, cikin minti goma ake jefa su rijiya: dillali ya tayar da mota, ya taka totur sau biyu, ya ce "ka ji inji kamar agogo", ku zaga bayan tasha ku dawo, a sa albarka.

A wani wurin, motar da ta mutu a hanya asarar yini ɗaya ce. A nan kuwa, duk wanda ke bin hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko ta Zurmi zuwa Jibiya, ya san abin da tsayuwa a tsakiyar daji ke nufi. Ba kai kaɗai ba ne a ciki, akwai matar wani da goyonta, akwai tsohon da zai ga likita a Gusau. Ka tuna Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara, direban da motarsa ta tsaya ba shi da hanyar kiran kowa. Har gobe akwai wuraren da sabis ba ya kaiwa. Kuma ka sani, Golf 3 ɗin da ta cika tashoshinmu an daina ƙera ta tun kafin shekarar 2000. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta girmi da yawa daga masu karanta wannan shafi. Tsufa ba laifi ba ne idan an kula da ita, amma sabon fenti ba ya gaya maka ko an kula.

Saboda haka ka je da sassafe, kuma ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Ɗora hannunka a kan bonet. In ka ji ɗumi, an riga an ɗumama ta, kuma injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da yake yi da sanyi. Buɗe murfin baƙin mai ka duba cikinsa: idan ka ga wani abu fari-fari kamar kindirmo, alama ce ruwa na haɗuwa da mai, ka tambayi lafiyar gasket. In man ya yi kauri fiye da kima, ka yi zargin an zuba shi ne don ya rufe bakin inji. Leƙa ƙarƙashinta ka ga abin da ke ɗiga a ƙasa.

Ga wurin da aka fi cutar samari. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka zuba wa dashbod ido. Fitilun gargaɗi, ta mai da ta batir da sauransu, dole su kama gaba ɗaya, sannan su mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba tun farko, ko ƙwanta ya ƙone ko wani ya cire shi don kada ta tona asiri. Haka allurar zafi. Idan kun yi tafiya mai nisa ba ta motsa daga inda take ba, kada ka yi murna cewa motar ba ta zafi; mai yiwuwa waya aka zare. Motar da ba za ta gaya maka tana tafasa ba, sai dai ka ga tururi a gaban gilashi, kuma ba kai za ka zaɓi inda zai same ka ba.

Taya kuma tana ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, a mako na 23 na shekarar 2018 aka yi ta. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta daɗe tana cewa shekara huɗu ne wa'adin taya. Yawancin tayoyin kwance da ake sa wa motocin haya sun wuce nan tun kafin su shigo ƙasar, ga kuma kwalta a watan Afrilu kamar tanda. Ka duba safaya ma, da jak, da abin kwance taya.

To, yanzu hawa. Kai za ka tuƙa, ba dillali ba. Kashe rediyo, ka roƙi masu hira su yi shiru. Ka sa abokinka ya tsaya a baya ya kalli salansa lokacin da ka taka: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri da bai yankewa na nufin ruwa na shiga inji, baƙi kuma fetur take zubarwa, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ka san abin da lita ke ci a aljihu. Kafin ka motsa, danne birki ka riƙe. In feda na nutsewa a hankali, man birki na zurarewa ta wani wuri. A fili mai faɗi ka karya sitiyari har ƙarshe ka zaga dama da hagu. Ƙas-ƙas daga gaba na nufin shaf ya kusa. A kan miƙaƙƙiyar hanya ka sassauta hannu kaɗan ka ga ko tana ja gefe, sannan ka taka birki da ƙarfi inda babu kowa a bayanka. Sa babbar giya kana tafiya a hankali ka danne totur: in inji ya yi kuka mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya cinye. Ka bi ta gargada da gangan, don a nan shokozoba ke magana.

Kuma a ɗora mata nauyi. Motar da ke tashi da mutum biyu ba ita ce za ka gani ranar Alhamis ba, an cika ta da mutane da buhuna daga kasuwar Shinkafi. Ku shiga ku biyar, ku yi aƙalla rabin awa, da rana, a inda jama'a ke zirga-zirga kusa da gari. Bayan kun dawo ka bar ta tana aiki a tsaye, ka ga ko fanka na tashi, ka kashe, ka sake tayarwa da zafinta.

Mun san abin da ke hana mutane yin duk wannan: kunya. Dillalin abokin Baba ne, ko mai motar ɗan unguwa ne, sai ka ji kamar ka ce masa maƙaryaci. Wallahi ba zagi ba ne. Shi kansa ba zai sayi akuya bai taɓa ƙugunta ba. Wanda ya ce "babu mai a ciki", ka sa mata lita biyu da kuɗinka. Wanda ya ce akwai wani mai saye yana jira, ka ce Allah ya sa ya dace.

Ka tafi da bakanikenka, wanda ba shi da kaso a cinikin, ka biya shi ladan yininsa ko da ba a saya ba. Kafin kuɗi su bar hannunka, ku haɗa lambar inji da ta shasi da abin da ke cikin takardu, harafi da harafi, sannan a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu. In lamba ɗaya ta saɓa, ko ka ga alamar an goge wurin an sake bugawa, mayar masa da makullinsa.