Hasken ƙarƙashin kabad: abin dubawa kafin a saya

Yau za mu shiga kicin da falo, mu duba siririyar fitilar LED da ake mannawa a ƙasan kabad, a kan kanta, ko cikin shogilas na kayan jeren amarya. A shagunan kayan wuta na Wunti da Muda Lawal za ka gan ta iri-iri: mai kama da tef a naɗe, mai kama da sanda, da mai caji. Mutane da yawa ado suke ɗaukarta, alhali ta shafi lafiya.

A yawancin gidajenmu ƙwai ɗaya ne a tsakiyar silin ɗin kicin. Uwargida na tsayawa gaban kanta sai ta ba hasken baya, inuwarta ta rufe wuƙa da albasa. A irin wannan duhu ake yanke yatsa, tsakuwa ta tsere cikin shinkafa, a kasa karanta ranar lalacewar madara ko ma'aunin maganin yaro. Ga tsofaffi abin ya fi tsanani, domin idon ɗan shekara 60 yana bukatar haske ninkin na matashi, ko ma fiye.

In za ki saya, ki duba kwali. Adadin lumen ne ke nuna ƙarfin haske, wat kuwa cin wuta yake nunawa. Tsohon ƙwai mai wat 60 yana ba da lumen kusan 800, LED kuma na ba da hakan da wat 8 zuwa 10. Wadda ke cin wat 5, in ta kwashe awa 12 kullum a kunne, ba ta cika yunit 2 a wata ba.

Sai launi, wanda ake rubutawa da lamba da harafin K. Mai 2700K zuwa 3000K haskenta ruwan ɗorawa ne, ya dace da falo da ɗakin kwana. Mai 4000K fari ne mai sauƙi ga ido, shi ya fi kyau a kantar girki. Mai 6500K fari ne fat mai ratsin shuɗi, kuma irinsa da dare yana iya jinkirta barci, don haka kada a sa shi inda yara ke kwana. Idan an rubuta CRI, ki nemi 90 ko kusa da haka. Shi ke sa ki ga launin nama da tumatur yadda suke, ki gane wanda ya fara lalacewa.

Maigida, wajen ɗaurawa naka ne. A sa fitilar can bakin kabad ta gaba, domin in ta maƙale jikin bango, bangon za ta haska. Gam ɗin bayanta ba ya jure zafin Maris da Afrilu da tururin mai, gara a kafa ta da ƙusa ko cikin kwarkwaron alminiyam, wanda ke rage mata zafi. Kusa da wurin wanke-wanke a nemi mai lambar IP65. Akasarinsu da wuta mai ƙarfin bolt 12 ko 24 suke aiki ta hanyar adafta, kuma adaftar ce ke fara mutuwa idan wutar NEPA ta yi sama da ƙasa. A zaɓi wadda aka rubuta 100 zuwa 240V, a nisanta ta da risho ko tukunyar gas. Mai caji ma batirinta ba ya son zafi. Haɗa waya da leda ko salatif kuwa gayyatar gobara ce, a kira mai gyaran wuta.

Sai batun shuke-shuke. A Bauchi rana ba ta yi mana rowa ba, saboda haka taga ce zaɓi na farko. Fitila ta gidan haya ce mai ƙaramar taga ko lungun da rana ba ta kai. Na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna iya rayuwa ƙarƙashin farar LED mai ƙarfi, 4000K zuwa 6500K, in an sa ta santimita 15 zuwa 30 daga ganye, na awa 12 zuwa 16. A kashe da dare, shuka ma tana bukatar duhu. In kara ya yi tsawo ya sirance, ganye ya koɗe, haske bai isa ba. Tumatur da attarugu kuwa a bar su a tsakar gida, fitilar kabad ba za ta ƙosar da su ba. Lokacin hunturu a riƙa goge ƙura daga fitila da ganye.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Ruwan da ke kwanciya a farantin ƙarƙashin tukunyar fulawa wurin hayayyafar sauron da ke yaɗa shawara ne, kuma ba mu manta ɓarkewarta a yankin Alƙaleri a 2019 ba. Ƙwan sauro kan zama babba cikin kwana 7 zuwa 10, don haka a zubar da ruwan a wanke farantin duk mako. Na biyu, fulawar ado mai faɗin ganye da ɗigon fari, wadda ake kira Dieffenbachia, in yaro ya tauna ta bakinsa kan yi zafi ya kumbura. A ɗaga ta sama, in kuma ya riga ya ci a kuskure masa baki, a kai shi asibiti tare da ganyen.

Kafin ku biya kuɗi, ku sa mai shago ya kunna ta na mintuna kaɗan, ku duba ko tana ƙyafƙyaftawa, ku taɓa adaftar ku ji zafinta.